Tsofaffin littattafan waƙoƙin yara masu zane: akwai darasi a ciki ko hadda ce kawai?

Maman_Afnan:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah ina da tambaya, musamman ga malaman makaranta da iyaye mata 'yan'uwana. Waɗannan waƙoƙin Turawa da ake koya wa yaranmu a nazare, ta tauraro da ta baƙar tunkiya da ta ƙwan nan da ya faɗo daga kan katanga, wai akwai wani darasi a cikinsu ko kawai haddar baki ce? Abin da ya sa na tambaya, na samu wani tsohon littafinsu a wurin masu gwanjon littattafai, bangon duk ya ji jiki amma zanen ciki kam masha Allah, yara da dogayen riguna da huluna, ga lambu ga tumaki, kuma launin a sanyaye yake ba irin na katun ɗin yanzu mai kashe ido ba. 'Yata ta ƙi rabuwa da shi, sai ta zauna shiru tana kallon shafi ɗaya ta daɗe. Ni dai a ganina tsofaffin nan sun fi na yanzu tarbiyya nesa ba kusa ba. Ko ya kuka gani?

Abban_Khalil:
Wa alaikumus salam. Hajiya ni dai ban ga darasin komai ba gaskiya. Saniya ta tsallake wata, faranti ya gudu da cokali, wane darasi ne a nan? Yaro ya dawo gida yana ta rera abin da shi kansa bai san ma'anarsa ba, mu kuma muna ta murna wai ya iya Turanci.

Malama_Firamare:
Abban_Khalil ka faɗi rabin gaskiya. Na daɗe ina koyar da ƙananan aji kuma matsalar daga wurinmu take, baiti ɗaya muke ɗauka mu watsar da sauran. Ɗauki waƙar tauraron nan. Wata Baturiya Jane Taylor ce ta rubuta ta, ta fito a 1806 cikin wani littafi da suka yi ita da yayarta Ann, kuma baiti biyar ne. Na farkon kawai yaranmu suka sani. A sauran baitocin ne ake cewa matafiyi cikin duhun dare yana gode wa tauraron saboda ɗan hasken da yake ba shi, da ba don shi ba da bai san inda zai sa ƙafa ba. To kun ga akwai godiya a ciki, akwai kuma nuna cewa abu ko ya yake ƙanƙanta yana da amfaninsa. Ranar da na fassara wa 'yan ajina wannan da Hausa, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce kakansa ma da taurari yake gane hanya in sun fita kiwo.

Maman_Afnan:
Ikon Allah. Malama yanzu na duba, wallahi duk baitocin suna cikin littafin, har da zanen wani mutum riƙe da sanda yana tafiya cikin dare.

Sadauki_Gusau:
Ni ta Maryamu da ɗan ragonta ce ta fi shiga raina. Ɗan ragon ya bi ta har makaranta, yara suka yi ta dariya, aka kore shi waje, amma ya ƙi tafiya, ya tsaya yana jiranta har aka tashi. Yaran sunka tambayi mai koyar da su me ya sa yake sonta haka, aka ba su amsa da cewa ai don ita ma tana sonshi ne. Shi ke nan waƙar, ba duka ba tsawa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda yaro ke shaƙuwa da ragon layya, yana kai mishi dusa da harawa, ranar sallah kuma ya ɓuya yana kuka, ya san wannan waƙa ba baƙuwa ba ce gare mu.

Baƙo_a_Ingila:
Sadauki wannan ta Amurka ce ma, Sarah Josepha Hale ta wallafa ta a 1830 a Boston. Kuma ita ce Thomas Edison ya karanta a cikin na'urarsa ta ɗaukar murya a 1877 lokacin da yake gwada ta.

Amma ina so in koma kan maganar Abban_Khalil ta faranti da cokali, don ya taɓo inda ya kamata. Akwai wani mai zane Randolph Caldecott, daga 1878 yana fitar da littafi biyu duk ƙarshen shekara, sule ɗaya-ɗaya ake sayarwa, har guda 16. A 1882 ya zana wannan waƙar ta magen da ke goga goge da saniya mai tsalle. Waƙar ta ƙare ne da cewa faranti ya gudu da cokali, iyakarta ke nan. Shi kuma sai ya ƙara shafi guda wanda babu shi a baitin: ga faranti ya faɗi ƙasa ya tarwatse, sauran kwanuka sun kewaye shi suna kuka, ita kuma cokali ga babanta wuƙa ga mamarta cokali mai yatsu sun sa ta a tsakiya sun tafi da ita fuska a murtuke. Bai rubuta ko kalma ɗaya a kai ba. Yaro shi zai kalla ya tambaye ka "Baba me ya sami faranti?" daga nan hira ta buɗe. In ka raba waƙar da zanen ka bar yaro da sauti kawai, dole ka ce babu komai a ciki.

Abban_Khalil:
To wannan kam wani abu ne. Amma yara nawa ne a nan suke ganin zanen? A makarantar yarana allo ne kawai da bakin anti.

Mai_Zane_KD:
Ku bar ni in yi magana a nan don harkata ce. Maman_Afnan kin ce launin a sanyaye yake, akwai dalili. A wancan zamanin ba inji irin namu ba ne, wani mai ɗab'i ne a Landan, Edmund Evans, shi yake sassaƙa zanen a jikin katako, kowane launi da katakonsa, a buga ja a kan takarda, a dawo a buga shuɗi, a dawo a buga ruwan ɗorawa, kuma dole kowanne ya faɗa daidai wurinsa in ba haka ba fuskar yaro ta karkace aikin ya lalace. Saboda haka mai zane ba ya barbaɗa launi yadda ya ga dama, yana zaɓar kaɗan ne ya bar sarari fari a shafin, idon yaro ya samu wurin hutawa. Shi Evans ɗin ne ya buga wa Caldecott da Walter Crane da Kate Greenaway. Yaran nan masu dogayen riguna da huluna da kika faɗa, salon Greenaway ne, ko dai nata ne ko na masu kwaikwayonta don an kwaikwaye ta sosai. Littafinta na farko da Evans ya buga kwafi 20,000 aka yi kuma ya ƙare tas, har iyaye suka riƙa ɗinka wa 'ya'yansu irin kayan da take zanawa. Yau ɗin nan babbar lambar yabo ta masu zanen littafin yara a Amurka sunan Caldecott take ɗauke da shi, tun 1938 ake bayarwa.

Ni abin da ya fi taɓa ni a aikinsa shi ne na jaririn da babansa ya fita neman fatar zomo don a lulluɓe shi. A shafin ƙarshe ga jaririn sanye da fatar, mamarsa na riƙe da hannunsa suna tafiya, sai ya juya yana kallon zomaye masu rai suna wasa a kan tudu. Kallon kawai. Kai babba ma sai ka tsaya.

Ummu_Sumayya:
Ku yi haƙuri amma kada mu wanke su tas haka. Na ji ance waƙar nan da yara ke riƙe hannu suna zagaye su faɗi ƙasa gaba ɗaya, wai ta annoba ce, faɗuwar mutuwa ce ake nufi. Ya za a yi in koya wa ɗana wannan?

Baƙo_a_Ingila:
Ummu_Sumayya wannan labarin yana yawo sosai har a nan Ingila, amma masana waƙoƙin gargajiya ba su yarda da shi ba. Babbar annobar Landan 1665 ce. Waƙar kuwa a littafin Kate Greenaway na 1881 ta fito da sigar da aka santa, sama da shekara 200 a tsakani, kuma fassarar annobar sai a tsakiyar ƙarni na 20 aka fara jinta. A zanen Greenaway ma yara ne kawai ke wasa. Haka ta baƙar tunkiya, tun 1744 take a rubuce, mutane na liƙa mata labarai iri-iri marasa hujja. Abin da ke cikin baitin dai buhu uku ne na ulu, an raba, har ɗan yaron da ke can ƙasan layi ya samu nasa.

Dattijo_Zariya:
'Ya'yana sannunku da hira. Ummu_Sumayya ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, ko da ta annobar ba ta tabbata ba akwai waɗanda ba su da taushi ko kaɗan. Akwai ta tsohuwar da ke zaune cikin takalmi da 'ya'ya rututu, ta ba su romo ba burodi, ta zane su da bulala ta kora su barci. Daga baya ne masu buga littattafai suka sauya bulalar ta koma sumba. Akwai ta renon jariri da aka rataye gadonsa a reshen itace, reshen ya karye jariri ya faɗo. Akwai ta ɓeraye makafi da matar manomi ta datse musu wutsiya da wuƙa. Saboda haka Maman_Afnan in kin ce tsofaffi sun fi tarbiyya, sai ki ce wasu daga ciki.

Sannan akwai abin da ba wanda ya faɗa. Wasu tsofaffin littattafan nan sun zana baƙar fata a wulaƙance, leɓe ja ƙato, ido zuru-zuru, har da waƙar ƙirge ta yara baƙaƙe goma da ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, da sunan cin mutunci a kanta. Zamanin mulkin mallaka ne aka yi su, kuma tunanin zamanin ya shiga ciki. Duk wanda ya sayo na gwanjo ya buɗe shafi-shafi tukuna kafin ya miƙa wa yaro.

Ummu_Sumayya:
Allah ya saka da alheri Baba. Ga kuma na alade da ake ƙirga yatsun ƙafa da shi, da na yaron da ke sumbatar 'yan mata yana sa su kuka. Ni waɗannan tsallake su nake.

Malama_Firamare:
Baba Dattijo gaskiya ne, amma ko a cikin masu zafin akwai wadda nake amfani da ita. Ta magen da wani yaro ya jefa a rijiya, wani yaron ya ciro ta. Ƙarshenta ana cewa wane irin mugun yaro ne wannan, mage ba ta yi masa komai ba sai ma kashe ɓerayen rumbun babansa da take yi. A unguwanninmu kullum za ka ga yara sun tasa ƙadangare ko mage gaba da jifa. Da na nuna musu zanen magen a jiƙe sharkaf an riƙo ta, ajin tsit ya yi. Sai na haɗa musu da hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ci ba sha, abin ya zauna musu daram.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar na Faransa munka samu a lakwal. Mushe, wato malaminmu, ya tsaya gaban aji yana kaɗa hannu mu kuma muna amsawa, akwai ta wani Yakubu mai barci da ake tada shi ya kaɗa ƙararrawar safe, wannan ta daina lalaci ce ta sammako. Amma akwai ta wani ɗan tsuntsu da ake cewa za a fige mishi kai, a fige baki, a fige fiffike, mun yi ta rerawa muna tsalle ba mu san fige tsuntsu muke ba sai da munka girma. Su ma Faransawa suna da mai zanensu na wancan zamani, Boutet de Monvel, ya zana tsofaffin waƙoƙin yara tun 1883, shi ma launinshi a sanyaye. Kuma sautin waƙar tauraron ku ma na Faransa ne asali, tun ƙarni na 18, har Mozart, shahararren makaɗin nan na Turai, ya yi kiɗa kanshi. Sauti guda ne da na tunkiyar da na haddar baƙaƙen ABC, ku rera ku ji.

Sadauki_Gusau:
Wallahi haka ne! Yanzu na rera duka ukun, abu guda ne.

Gwaggo_Mai_Tatsuniya:
Ina ta karanta ku tun ɗazu raina na sosuwa. Duk kun tafi Ingila da Faransa, mu namu fa? Mun taso da carman dudu da ɗan maliyo a dandali da farin wata. Carman dudu ki saki jiki ki faɗa baya ƙawayenki su cafe ki, wane littafi ne zai koya wa yarinya yarda da 'yan'uwanta fiye da wannan? In watan azumi ya kai goma ga tashe, yaro ya liƙa gemun auduga ya duƙa da sanda kamar tsoho ana roƙa masa taimako, 'yan mata su yi Mairama da Daudu suna koyon zaman gida. Ga waƙoƙin reno da uwa ke yi da goyo a baya tana daka. Duk darasi ne kuma cikin wasa. Abin da ya cuce mu shi ne su sun samu masu zane da maɗaba'a sun adana nasu, mu namu yana bakin tsofaffi, tsohuwa ta rasu ta tafi da abinta. Jikokina a Abuja ba wanda ya san ko ɗaya amma duk sun iya ta ƙwai.

Abban_Khalil:
Gwaggo kin gama magana. Ga wani abin da ke damuna, ana koya wa yaranmu su rera wa ruwan sama cewa ya tafi ya dawo wata rana. A Ingila ruwa ya ishe su shi ya sa. Mu nan in damina ta yi jinkiri fita ake yi roƙon ruwa har da yara, manomi na kallon gabas kullum, ɗansa kuma yana korar ruwa da waƙa.

Mai_Zane_KD:
Maganar ƙwai da Gwaggo ta yi, a baitin waƙar babu inda aka ce ƙwai ne. Ana ganin kacici-kacici ce asalinta, wane ne in ya faɗo ya fashe duk dawakin sarki da dakarunsa ba za su iya mayar da shi ba? Masu zane ne suka tona amsar, musamman John Tenniel a 1871, tun daga nan kowa ke zana shi ƙwai mai hannu da ƙafa. Mu ma muna da tamu, ɗakin saurayi ba ƙofa. Da za a samu littafi a sa su a shafi biyu suna kallon juna ai da yaro ya ji daɗi.

Dattijo_Zariya:
Gwaggo ba a ce ba a yi komai ba fa. Nan Zariya kamfanin Gaskiya da NNPC (kamfanin buga littattafai na Arewa, ba na man fetur ba) sun buga littattafan makaranta da zane, wanda ya yi firamare zamaninmu ya san Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, kuma marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi da wasannin yara ya mayar littafi. Sai dai yawanci baƙi da fari ne kuma don aji aka yi su. Irin wanda uwa za ta ɗora yaro a cinya su yi ta kallon hoto mai launi, shi ne muke da ƙarancinsa. Su kuwa ku duba ƙananan littattafan Ladybird da suka cika makarantunmu a da, shafi 56 daga falle ɗaya na babbar takarda ake naɗe shi a yanka, shi ya sa ya yi araha, kusan shekara talatin ana sayar da shi sule biyu da sisi a can. Arahar ce ta kai shi kowane gida.

Abu_Maryam_Gombe:
Tambaya ta gaskiya, batun hoton abu mai rai fa? Wasu iyayen shi ke hana su sayen irin waɗannan.

Malama_Firamare:
Malam Abu_Maryam wannan kam a kai wa malamai, kada mu yi fatawa a nan. Abin da na sani dai littattafan karatu na firamare da muke amfani da su duk da zane suke.

Maman_Afnan:
Na gode muku ƙwarai. Baba Dattijo na bi littafin shafi-shafi kamar yadda ka ce, babu irin zanen cin mutuncin nan alhamdulillah, amma tsohuwar cikin takalmi tana nan da bulalarta. Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa akwai abin da littafin nan ke yi wa yaro wanda waya ba ta yi. A waya hoto na gudu ne yaro na bi, a nan ita ke tsayawa inda take so, ta sa yatsa ta ce Mama wannan me ya sa yake kuka.

Hajiya_Kumasi:
Akwai wadda ba ku ambata ba, ta "mahaifiyata" da muke yi a makaranta nan Gana, na san ku ma a Najeriya kuna yi. Wadda ake tambaya wa ya zauna yana gadina ina jariri, wa ya rugo ya ɗaga ni da na faɗi, kowane baiti ya ƙare da uwa. Ann Taylor ce ta rubuta, yayar mai waƙar tauraro da Malama ta faɗa. Can gaba a waƙar ɗan ne ke alkawarin in uwar ta tsufa ta yi furfura shi zai zama madogararta. Wannan ko a Zongo ka fassara wa tsofaffi sai sun share hawaye.

Abban_Khalil:
Wannan na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma maganata tana nan, in anti ba ta fassara ba yaro bai ga hoto ba, to ba a yi komai ba. Kuma a fara da namu tukuna.

Baƙo_a_Ingila:
Ga wanda ke son gani, littattafan Caldecott da Greenaway da Crane duk sun tsufa sun fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsu kyauta a intanet, a shafukan Project Gutenberg da Internet Archive. Malama za ki iya saukewa ki kai a buga miki shafukan da kike so ki liƙa a bangon aji.

Mai_Zane_KD:
Gwaggo in za ki daure ki ɗauki muryarki a waya kina rera carman dudu da waƙar reno ko guda biyu, cikakku yadda kuka yi su ba a yanke ba, ki turo min, zan gwada zana shafi huɗu in sako nan ku gani. Da zane da ɗankwali da tsakar gida irin tamu, har da turmi.

Gwaggo_Mai_Tatsuniya:
Zan yi ɗana, amma sai jikata ta dawo daga islamiyya ta nuna min wurin dannawa. Kuma ka sani ta Kano daban ta Katsina daban, amshin ba ɗaya ba ne, wacce kake so?

Ɗan_Maraɗi:
A sa ta Katsina Gwaggo, ita ta fi kusa da tamu. In an gama ni ma zan nemo ta wajenmu a gwada a ga inda sunka bambanta.